BABI NA UKU: WUƘAR AIKI A ƘASAR IKARA DA MAƘARFI DA KUDAN, DAGA ZAMANIN TAMA ZUWA ZAMANIN SIFIRIN

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar da wannan bincike ya shafa, wato ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda ke arewacin masarautar Zazzau, a kan iyakar Jihar Kaduna da Jihar Kano. An kuma nuna cewa noma da kiwo da fatauci su ne ƙashin bayan rayuwar mutanen wannan yanki. Wannan babi kuwa zai yi tsokaci ne a kan wani ƙaramin makami da duk waɗannan sana'o'i suka dogara da shi, amma ba a cika kula da shi a rubuce-rubucen tarihi ba. Wannan makami shi ne wuƙa.

Abin da ake nufi da wuƙar aiki a nan shi ne ƙaramar wuƙa tsayayya, wadda ba a ninke ta, wadda tsawon ruwanta bai cika wuce taƙi ɗaya ba, mai ƙota da kube, wadda namiji ke ɗauka don aikin gona ko daji ko zango. Ke nan takobi da adda da barho ba sa ciki, haka ma askar wanzami, sai dai inda ambatonsu ya zama dole.

Akwai wani ra'ayi da ya yaɗu tsakanin ɗalibai, har ma da wasu dattawa, cewa zuwan Turawa ne ya kashe ƙira, kuma wuƙar da kakanninmu suka riƙe ta fi ta yanzu inganci. Wannan babi zai nuna cewa rabin maganar ne gaskiya. Abin da ya mutu shi ne narkar da tama. Ƙira ba ta mutu ba, hasali ma wuƙar maƙeri ta ƙara kyau bayan shekarar 1911, saboda dalilan da za a kawo nan gaba.

3.1 Wuƙa a Zamanin Tama

Sarrafa ƙarfe daɗaɗɗen abu ne a wannan sashe na Nijeriya. A Taruga, wadda ke cikin yankin al'adun Nok, masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun tono matoyan ƙarfe da suka haura shekara 2000. A gindin dutsen Dala na Kano an sami alamun narkar da ƙarfe na wajejen ƙarni na 7. Kusa da gida kuma, a shekarun 1970, J.E.G. Sutton da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello sun tono matoya da tarin kashin maƙera a yammacin Samaru. Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan tana tsakanin waɗannan cibiyoyi biyu ne, Kano da Zariya, kuma tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa su ta ratsa ta cikinta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce tsofaffin garuruwa irin su Likoro da Kudan da Hunƙuyi da Paki da Auchan sun rayu da maƙeransu tun fil azal.

Yadda ake samun ƙarfe a wancan zamani shi ne, a haƙo tama, a farfasa ta, a jera ta hawa-hawa da gawayi cikin matoya ta laka, a hura wuta ta kwana tana ci. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai kama da soso, ƙarfe gauraye da datti. Sai maƙeri ya saya, ya yi ta gasawa yana bugu da masaba a kan uwar maƙera har yawancin dattin ya fice. Jaggar (1994), a nazarinsa na maƙeran birnin Kano, ya nuna yadda aka raba sana'ar gida biyu, maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, da kuma yadda Sarkin Maƙera ke tsaye tsakaninsu da fada. Wannan tsari bai bambanta sosai da na Zazzau ba, inda Smith (1960) ya bayyana cewa masu sana'a na da shugabanninsu da ake bi ta hannunsu wajen karɓar kuɗin sana'a. Wuƙa aikin maƙeran baƙi ce, kubenta kuma aikin dukawa.

To, yaya ingancin wuƙar tama yake? A nan ne ya kamata a bar son zuciya. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri idan an ba shi ruwa shi ne ɗan sinadarin gawayi da ke cikinsa. Ƙarfen matoya ba ya fitowa daidai wa daida, wani gefe ya sha gawayi da yawa, wani gefe bai sha ba. Ƙwararren maƙeri na iya gane gefen mai kyau ya ware shi don bakin wuƙa, amma galibin abin da talaka ke samu ƙarfe ne mai laushi. Irin wannan wuƙa ba ta karyewa, sai dai ta lanƙwashe a miƙe ta, kuma tana saurin dakushewa. Shi ya sa dutsen wasa wuƙa ya zama kamar wani ɓangare na tsakar gida da bakin rijiya. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, bai yaba ƙarfen Kano ba idan aka gwada shi da na wasu ƙasashen da ya ratsa. Ya kuma ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi wajen 50,000 a kowace shekara, kusan duka daga Solingen ta ƙasar Jamus, a ɗora musu ƙota da kube a Kano, ban da asake da ake kawowa daga Styria ta ƙasar Ostiriya. Wannan ya nuna cewa tun kafin mulkin mallaka da shekara hamsin Bahaushe ya san ƙarfen waje, kuma inda ransa ya dogara da kaifi, kamar fagen fama, shi yake zaɓa in yana da hali.

Wuƙar da ta fi shahara ga matafiyi a ƙarni na 19 ita ce wuƙar hannu. Baki biyu gare ta da tsini, kubenta kuma na da zoben fata da ake zura hannun hagu a ciki, wuƙar ta kwanta a jikin hannu ƙarƙashin riga, ƙotarta na kallon wuyan hannu, yadda dama za ta zaro ta nan take. Buzaye ma suna ɗaura irinta, suna kiranta telek. Yawaitarta na da nasaba da rashin zaman lafiya. A rabin ƙarshe na ƙarnin, Ningawa sun addabi kudancin Kano da arewacin Zazzau da hare-hare, har a zamanin Sarkin Zazzau Sambo, cikin shekarun 1880, sun kai kusa da birnin Zariya. Manomin da zai tafi gonar nesa da ganuwa, ko falken da zai kwana a zango, bai san abin da zai tarar ba. Don haka wuƙarsa makami ce da farko, kayan aiki daga baya.

3.2 Jirgin Ƙasa da Mutuwar Matoya

Turawan Ingila sun kama Zariya a 1902, a shekarar da ta biyo baya kuma suka tuɓe Sarki Kwasau suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Amma ta fuskar ƙira, shekarar da ta fi muhimmanci ita ce 1911, lokacin da layin dogo ya isa Kano, ya ratsa ta wannan yanki da tashoshi irin su Likoro da Gimi. Daga nan ƙarfe ya fara samuwa ba tare da an haƙa rami ko an ƙona daji ba. Akwai sandunan ƙarfe da kamfanonin Turawa ke shigowa da su, akwai kuma tarkacen reluwe, kusoshi da guntayen dogo da makamantansu, waɗanda ke bi ta hanyoyi iri-iri, na halal da waɗanda ba na halal ba, su iso maƙera. A ɗaya gefen kuma dokokin gandun daji, musamman ta 1916, sun ƙuntata saran itatuwa, alhali matoya ɗaya na cin gawayi mai yawan gaske. Aiki mai wahala da tsada ya haɗu da abokin gasa mai arha. Sannu a hankali matoya suka mutu, ilimin narkar da tama ya bi masu shi kabari.

Wannan hasara ce babba, ba a musu. Amma maƙeri bai yi hasara ba. A lokacin da M.G. Smith ya yi bincikensa a ƙauyukan Zazzau, tsakanin 1949 da 1950, ƙira na nan cikin sana'o'in da ake ci da su. Da motoci suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu sai aka sami abin da ya fi ƙarfen dogo dacewa da wuƙa, wato sifirin na mota. Ƙarfen sifirin na ɗauke da sinadarin gawayi kimanin kashi 0.6 cikin 100, kuma ko'ina a jikinsa daidai yake. An yi shi ne don ya lanƙwashe ya dawo ba tare da ya karye ba, ga shi kuma yana karɓar ruwa sosai. Tsohon magagari da zarto su ma akan mayar da su wuƙa, sun ma fi sifirin tauri, sai dai sun fi shi saurin karyewa.

Ban-ruwa shi ne sirrin aikin, kuma a nan ne ake gane gwani. Bayan an buge wuƙa ta ɗauki siffa, an goge ta da magagari, sai a mayar da ita wuta, ɗan zuga yana aiki da zugazugi, har ta yi ja kamar garwashi, wanda a ma'aunin zamani ya kama wajen digiri 800. Daga nan a tsoma ta cikin ruwa ko baƙin mai. Ruwa ya fi ba da tauri, amma yakan tsaga ƙarfen sifirin, shi ya sa da yawa suka koma ga baƙin mai na injin mota. Wasu kuma bakin kaɗai suke tsomawa, su bar zafin da ya rage a bayan wuƙar ya sauko ya sassauta taurin. Sakamakon haka shi ne baki mai tauri da baya mai laushi, wanda shi ne abin da ake nema a wuƙar aikin ƙarfi a ko'ina cikin duniya. Maƙerin da bai taɓa shiga aji ba yana auna wannan duka da ido, ta launin ƙarfe, shi ya sa ake son maƙera ta kasance da ɗan duhu.

3.3 Kwatanta Ire-iren Wuƙaƙen

Da zaman lafiya ya samu, wuƙar hannu ta rasa dalilinta. Ta koma kayan ado na hawan salla da kayan maharba da 'yan tauri. Dalili kuwa a fili yake. Wuƙa mai baki biyu ba ta da inda mutum zai ɗora babban yatsa ya danna, ba ta da bayan da za a doka da itace idan ana tsaga wani abu, kuma tsininta siriri ne, da an yi ɓanɓare da shi sai ya karye. Wuƙar suka ce, ba ta aiki ba. Waɗanda suka gaje ta su ne wuƙaƙe masu baki ɗaya, kuma a wannan yanki uku ne suka fi fice: ta makiyayi da matafiyi, ta fawa, da ta rake.

Wuƙar makiyayi ita ce ainihin wuƙar kwanan daji. Bafulatanin da ya tafi mashekari, ko maharbin da zai yi kwanaki a dawa, ko ɗan cin rani, ba shi da damar ɗaukar kaya da yawa, don haka wuƙa ɗaya za ta yi masa komai. Da ita zai yanke igiya, ya fiƙe turke, ya sassaƙa sanda, ya ɓare saiwa ko sassaƙen magani, ya cire ƙaya daga kofaton dabba, ya gyara akumarin jaki. Akwai kuma wani aiki da ya fi waɗannan duka, wanda shi ne dalilin da ya sa Musulmin makiyayi ba ya rabuwa da wuƙa. Idan saniya ta faɗa rami, ko ta ci wani abu cikinta ya kumbura, tsakanin ta zama nama da ta zama mushe 'yan mintoci ne. Wanda ba shi da wuƙa a jikinsa ya yi hasarar dukiya sukutum. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, yanka ba ya inganta sai an yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, kuma ba a son a ɗage hannu kafin a gama. Hadisi ma ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da abin yanka. Ke nan wuƙar makiyayi tana ɗauke da buƙatu biyu masu karo da juna. Ana so ta jure sassaƙar itace da safe, ana kuma so ta iya yanke wuyan sa da yamma. Maganin da aka samo shi ne matsakaicin kauri da matsakaicin tauri, da ɗan dutsen wasawa a cikin jaka. Wasu ma sukan ware rabin bakin da ke kusa da ƙota don aikin itace, su adana rabin gaba don yanka.

Ƙotarta ma abin dubawa ce. Maƙeri kan bar wa ruwan wuƙa siririyar wutsiya, ya gasa ta, ya cusa cikin itace mai tauri kamar marke ko ƙirya, ko cikin ƙaho, sa'an nan ya ɗaure wuyan da zoben ƙarfe don kada itacen ya tsage. Idan wutsiyar ta ratsa har ƙarshen ƙota aka lanƙwasa bakinta, wuƙar za ta daɗe. Idan kuwa gajera ce, to rani ɗaya ya isa itacen ya bushe, ruwan ya fara girgiɗi. A ganina wannan shi ne babban aibin wuƙar kasuwa ta maƙera, wato wadda aka yi da yawa don a zube a tabarma ranar kasuwa, saɓanin wadda mutum ya je ya ba da aikinta. Daga baya an sami masu zuba ƙota ta goran-ruwa, da masu naɗe ta da robar tayar keke. Ta goran-ruwa ta fi kyan gani, amma tana santsi idan hannu ya jiƙe da jini ko gumi.

Wuƙar fawa dabam take. Mahauci ba ya sassaƙa da ita, ba ya kuma sara ƙashi da ita, wannan aikin gatari ne ko adda. Abin da yake so shi ne ruwa marar kauri, mai ɗan lanƙwasa wajen ciki don fiɗa, kada tsini ya huda fata, domin fatar da aka huda darajarta ta faɗi wurin majema da 'yan ƙiraga. Mahauta ba su cika son ƙarfe mai tsananin tauri ba. Sun fi son wanda da an goga shi sau biyu ko uku a jikin wata wuƙar ko a dutse kaifinsa zai dawo. Shi ya sa ake ganin wuƙar tsohon mahauci ta siranta kamar tsinke saboda yawan wasawa. Wanda ya ɗauki irin wannan wuƙa ya shiga daji da ita zai yi da-na-sani tun ranar farko.

Wuƙar rake kuwa ita ce wannan yanki zai iya cewa tasa ce. Fadamun Maƙarfi da Kudan da Hunƙuyi sun yi suna da rake a duk faɗin Arewa, kuma kasuwar Maƙarfi na cikin manyan wuraren da ake lodinsa. Noman ya bunƙasa ne bayan da 'yan mishan na C.M.S. da suka zauna a Gimi, wajejen yaƙin duniya na farko, suka shigo da injin matse rake, wanda daga gare shi sana'ar mazarƙwaila ta yaɗu. Saran rake a gona aikin adda ne. Amma yanka iri gaɓa-gaɓa, da kankare ɓawo, da datsa shi ga mai saye, kamar yadda ake gani a Tashar Yari da sauran tashoshin hanyar Zariya zuwa Kano, duk aikin ƙaramar wuƙa ne. Rake kuwa mugun abokin aiki ne ga ƙarfe. Ɓawonsa na da tauri mai cin kaifi, gaɓarsa sai an sara, ruwansa kuma na haddasa tsatsa idan aka kwana ba a goge ba. Saboda haka wuƙar rake ta fi sauran faɗi da kaurin baya, nauyinta ya karkata gaba don ta taimaki hannu wajen datsa, tsini kuwa ba ta buƙatarsa, sau da yawa ma a guntule ake barin kanta. Ita ce ake ba ruwa mai tauri fiye da sauran biyun.

Idan aka jera ukun aka ce mutum ya zaɓi ɗaya don aikin ƙarfi da kwanan daji, a nawa ra'ayin ta makiyayi ce kan gaba, ba don ta fi kowace a aikinta ba, sai don ita kaɗai ce ba ta gazawa ƙwarai a kowane aiki. Ta rake ta fi ta jure duka, amma ba ta fiɗa, ba ta huda. Abin sha'awa shi ne, mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun isa ga siffa kusan ɗaya. Wuƙar puukko ta mutanen Finlan, da wuƙar garin Mora na ƙasar Siwidin wadda ake ƙerawa a masana'anta tun 1891, dukansu gajeru ne, masu baki ɗaya, masu wutsiya cikin ƙotar itace da kube mai zurfi. Bambancin da ke akwai shi ne su sun mayar da tasu hajar da ake sayarwa a duniya, tamu kuwa ko sunan wanda ya ƙera ta ba a bugawa a jikinta.

3.4 Wuƙar Kanti

Kayan kanti sun daɗe suna gasa da na maƙera. Adda mai tambarin kada, ta kamfanin Martindale na Birmingham, ta sami karɓuwa ƙwarai ga manoma. A ɓangaren ƙananan wuƙaƙe kuma babu wadda ta kai Okapi suna. An fara ƙera ta a Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, a 1988 kuma aikinta ya koma Afirka ta Kudu. Wuƙa ce mai ninkewa, tana shiga aljihu, ba ta buƙatar kube, don haka ta dace da ɗan birni da ɗan makaranta da direba.

Amma wuƙa mai ninkewa ba ta kori tsayayya daga gona da daji ba. Duk ƙarfinta ya rataya ne a kan ƙusa ɗaya da ke haɗa ruwa da ƙota, kuma nan ne ƙasa da jini da ruwan rake ke taruwa. Mai wannan bincike yana ɗauke da tabo a yatsa tun yana yaro, daga wata mai ninkewa marar tambari da ta rufe a hannunsa yana datsar rake a gonar mahaifinsa. Akwai kuma batun tsarki, domin wuƙar da aka yi yanka da ita ana so a wanke ta tas, abin da ke da wuya ga mai lungu da saƙo.

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ya karya darajar naira, ya sa kayan waje sun yi tsada, mutane da yawa suka koma wa maƙera. Wannan sauƙi bai daɗe ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 kasuwanni suka cika da wuƙaƙen ƙasar Sin na ƙarfe marar tsatsa, masu ƙotar roba. Shi wannan ƙarfe, wanda Harry Brearley ya gano a Sheffield a 1913, ana gauraya shi da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, kuma akwai mai kyau ƙwarai a cikinsa. Sai dai wanda ke isowa kasuwar ƙauye mai arhar ne, falle ne siriri da inji ya datso, kaifinsa ba ya daɗewa, kuma idan ƙotar ta fashe babu gyara. Duk da haka ya ƙwace ɗakin girki gaba ɗaya. Matan gida sun zaɓe shi don yankan kuɓewa da albasa da tumatir, kuma suna da hujja, tunda ba ya tsatsa, ba ya baƙanta abinci. Maƙeri ya rasa wannan kasuwa, da wuya kuma ta dawo. Abin da ya rage masa shi ne mahauci da mai rake da makiyayi, wato waɗanda wuƙa ce jarinsu, suka kuma san bambancin.

3.5 Matsalolin da ke Fuskantar Wuƙar Maƙera a Yau

Matsala ta farko ita ce gawayi. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya saboda zafinsa da daɗewarsa, ƙirya kuwa itace ne mai jinkirin girma, kuma faɗaɗa gonaki da saran itacen girki sun rage ta ƙwarai a wannan yanki. Ta biyu ita ce shi kansa sifirin. Tun da kamfanonin narkar da ƙarfe suka fara sayen tarkace a kan sikeli, 'yan gwangwan da 'yan jari-bola ke kwashe abin da a da maƙeri ke samu kusan kyauta a garejin makanikai. Yanzu sai ya saya da tsada, mai saye kuma yana gwada farashinsa da na wuƙar roba.

Matsala ta uku ta fi wuyar magani, domin ta shafi yadda jama'a ke kallon mai wuƙa. A da, namiji ya rataya wuƙa a ƙugu ba abin magana ba ne, kamar ya riƙe sanda ne. Bayyanar 'yan sara-suka a garuruwa, da fashin daji da satar mutane da suka addabi sassan Jihar Kaduna tun daga shekarun 2010, sun sauya wannan. Jami'an tsaro kan hana ɗaukar makamai a tarurruka da bukukuwan salla, kuma a shingen bincike wuƙa a jikin saurayi, musamman makiyayi, na iya jawo masa tuhuma ko da ta aikinsa ce. Su ma maƙera ana sa musu ido a kan wanda suke ƙera wa da abin da suke ƙerawa. Wannan ya sa wasunsu sun daina yin mai baki biyu da mai dogon tsini sai ga wanda suka sani, suka fi mayar da hankali ga ta rake da ta fawa, waɗanda siffarsu kaɗai ta isa ta nuna aikinsu. Dukawa masu ɗinka kube su ma abin ya shafe su, tunda wuƙar da ba a ratayawa ba ta buƙatar kube mai ado, tsumma ko kwali ya ishe ta. Babi na huɗu zai duba halin da waɗannan dukawa ke ciki da irin fatun da suke aiki da su.